Rigimar 'yan ra'ayin sauyi a Amurka kan Falasɗinu

Edita,

Ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina. A Yulin 2024 uwar ƙungiyar DSA ta 'yan gurguzun Amurka ta janye goyon bayanta ga 'yar majalisar wakilai Alexandria Ocasio-Cortez, wai ba ta tsaya wa Falasɗinawa yadda ya kamata ba. Ban manta 2021 ba, ranar ƙuri'ar ba Isra'ila dala biliyan 1 don Iron Dome, na'urarta ta kakkaɓo rokoki: ta ƙi cewa e ko a'a, tana share hawaye a zauren majalisa. Nan kam ta ba ni kunya.

Amma a yar da ita? A Yunin 2024 fa AIPAC, ƙungiyar masu goyon bayan Isra'ila, ta zuba miliyoyin daloli aka kayar da ɗan majalisa Jamaal Bowman a zaɓen fid da gwani, wanda 'yan gidansa na DSA suka sha caccaka saboda ziyararsa Isra'ila. Yau George Latimer, wanda AIPAC ta mara wa baya, shi ne a kujerarsa.

Naka,
Mai karatu daga Kano