A Riƙa Duba Fata da Baki

Ya Edita,

Rahotonku na Ranar Yaƙi da Cutar Ƙanjamau ta Duniya, 1 ga Disamba, bai taɓo matsalar fata ba, alhali sau da yawa nan raunin garkuwar jiki ke fara bayyana: farin dattin da ke manne a harshe, ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka ƙi warkewa, farce ya yi kauri yana rugurgujewa, gashi na zuba.

A nan Sakkwato sai a ɗora wa hunturu laifi, a sayi man shafawa a kemis. Wasu mayukan suna kwantar da ƙaiƙayi, amma idan makero ne, ƙara yaɗuwa yake yi, lokaci kuma na tafiya.

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta horar da masu kemis da wanzamai su riƙa tura irin waɗannan mutane gwajin ƙanjamau cikin sirri da mutuntawa, tunda maganin rage kaifin cutar kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Naku,
Mai karatu daga Sakkwato