Kafin a tafi hutu, a bar takardar miƙa aiki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi tsokaci kan wani abu da ma'aikata ke yi wa riƙon sakainar kashi, wato miƙa aiki idan mutum zai tafi hutu ko an yi masa canjin wuri. Sai a tsaya a bakin ƙofa a ce "komai na cikin kwamfuta", a wuce. Wanda ya karɓi kujerar ya kwashe mako yana lalube.

Takardar ba sai ta wuce shafi 2 ba, amma a fara rubuta ta kwana 5 kafin tafiya, don ranar ƙarshe hankali ya riga ya yi gaba. Kowane aiki a faɗi inda aka tsaya, ranar da ake son kammala shi, wanda ke jiransa, da sunan fayil ɗin da wurin da aka ajiye shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne alkawuran baka. Ka ce wa mai kawo kaya za a biya shi ranar Alhamis, ba a rubuce ba. Ranar ta zo, magajinka bai san da zancen ba, ofis ya zama maƙaryaci. Irin waɗannan su ya kamata su zo a sama.

Kalmar sirri kuwa kada a ba kowa, ko aminin ka ne, domin duk abin da aka aikata da sunanka kai za a tuhuma. A nemi sashen kwamfuta ya buɗe wa mai karɓa nasa izinin.

Daga nan a zauna minti 30, mai karɓa ya karanta ya yi tambayoyi, ku sa hannu ku biyu, a ba shugaban sashe kwafi.

Wassalam.