A rubuta mana sassauci tun kafin wata annoba ta zo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tela ne a Daura, kuma duk lokacin da na ji rediyo na maganar mashaƙo ko amai da gudawa sun ɓulla a wani gari, sai gabana ya faɗi, don na tuna 2020.

A watan Afrilun shekarar ne korona ta fara bayyana a jihar Katsina, kuma a nan Daura ta fara. Gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa aka kulle garin. Ban ga laifinsa ba, rai ya fi dukiya. Amma kullen ya zo gab da azumi, kuma kowa ya san ɗinkin Sallah shi ne kakar tela. Abin da muke samu a wannan wata guda da shi muke biyan hayar shago, mu sayi buhun gero, mu ɗan rage bashi. A shekarar keke ya yi tsit. Ga shi dama an rufe iyaka tun Agustan 2019, mutanenmu na Nijar da ke shigowa ta Kongolam da yadudduka sun ɗauke ƙafa.

Gaskiya gwamnatin tarayya ta yi sassauci. Babban Bankin Nijeriya ya rage ruwan basussukansa na tallafi daga kashi 9 zuwa kashi 5, ya ɗaga lokacin biya da shekara guda, ya kuma ware naira biliyan 50 ta bankin NIRSAL. Hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta ƙara wa kamfanoni wa'adin miƙa takardun haraji. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta rage wa ƙananan masu sana'a kashi 80 na kuɗin rajistar kaya. Daga baya hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta buɗe rajistar sunan kasuwanci kyauta ga mutum 250,000.

To amma wa duk wannan ya isa? Mai kamfani da akawu da intanet. Uwargidana tana haɗa sabulun ruwa, a lokacin kowa na neman abin wanke hannu, kasuwa ta buɗe mata. Muka ji labarin rangwamen NAFDAC, muka ce bari mu gwada. Aka ce sai an cike fom a kwamfuta, sai da takardar rajistar kasuwanci, ga shagunan masu kwamfutar ma a rufe. Kafin mu haɗa takardu wa'adi ya wuce. Ni kuwa da nake ɗinka takunkumi a zaure ba wanda ya tambaye ni wata takarda, da haka muka ci abinci a watan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayan an buɗe gari. Mako bai cika ba masu rasit suka dawo, suna lissafa har kwanakin da shago yake a garƙame. Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ba mu muka rufe kanmu ba.” Ya ce shi ba a ba shi umarnin yafewa ba. Kuma bai yi ƙarya ba, babu inda aka rubuta. Ɗawainiyar ƙaramin ɗan kasuwa ba a Abuja take ba, tana bakin ƙofarsa: kuɗin rumfa, kuɗin allo, kuɗin shara, tikitin ɗan acaɓa.

Don haka nake kira ga Majalisar Dokokin jiharmu da ta rubuta wannan tun yanzu da ake zaune lafiya. A ce duk ranar da hukuma ta rufe kasuwa saboda cuta, kuɗaɗen nan sun tsaya da kansu har a buɗe, a ƙara wata guda na farfaɗowa. Lasisin da ya ƙare a cikin kulle ya ci gaba da aiki, ba tara. Rangwamen tarayya kuma a sa teburinsa a kasuwa, a yi bayani da Hausa, shugabannin ƙungiyoyin sana'a da sarakunan kasuwa su shaida mutanensu. Su suka san wanda yake sana'a da gaske.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ba cewa nake a saki kowa ya yi yadda ya ga dama ba. A kwanakin korona na ga robobin man tsaftace hannu da idan ka shinshina ruwa ne da turare. Mai fiya wata da mai kemis da mahauci, duba aikinsu ma ya kamata a ƙara a lokacin annoba. A rage musu kuɗi da yawon ofis, amma jami'in lafiya ya ci gaba da leƙa rijiyar da ake ɗibar ruwan.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka, Ya kare mu daga annoba, amin.

Naku,
Wani tela daga Daura, jihar Katsina