A bar wa ɗalibai netwok ɗin QEMU a kunne

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da muke ta yi nan Samaru, ni mai koya wa yara kwamfuta ne a wani ɗan shago.

Akwai manhajar da ake kira QEMU, wani ɗan Faransa Fabrice Bellard ne ya fara ta a 2003, da ita kake kunna wata kwamfuta a cikin taka, kamar ɗaki da ƙurya. To in ka tashe ta ba ka ce mata komai ba kan netwok, da kanta take haɗa ƙaramar da intanet ta wani abu da ake ce wa slirp, ta ba ta adireshi da ƙofar fita da mai nemo sunayen shafuka, shi ke nan sai ka buɗe burauza. Wani abokina injiniya ya kafe wai wannan lalaci yake koya wa yara, gara a kashe shi kowa ya koyi haɗa netwok ɗin da hannunsa ta wata hanyar daban da ake ce wa tap.

Ni kam ban yarda ba. E, slirp yana da nawa, ping ma, kwamand ɗin gwada ko wata kwamfuta na amsawa a netwok, sau da yawa ba ya tafiya, kuma ba a iya shigo wa ƙaramar daga waje sai ka buɗe mata hanya da wani saitin QEMU da ake ce wa hostfwd, duk na sani. Amma wallahi yawancin yaran da ke zuwa wurina kwamfutar aro ce a hannunsu, ko ta yayansu ko ta makaranta, ba su da fasawod ɗin admin, shi kuma tap sai da izinin root, wato izinin admin ɗin, slirp kuwa ba ya roƙon kowa izini. Yaron da ya ƙone datarsa wajen sauke Ubuntu, tsarin da zai kunna ƙaramar kwamfutar da shi, ga batir saura kaɗan ga wuta ba tabbas, sai kuma ka ce ya zauna haɗa netwok kafin ya ga komai? Ai gobe ba za ka sake ganinsa ba.

Na ma ga yadda abin yake in babu shi. Wani ɗalibina ya haɗa QEMU da kansa daga tushe, wato daga ainihin rubutun manhajar, ashe tun siga ta 7.2 ta ƙarshen 2022 slirp ɗin daban yake zuwa, sai ka fara saka manhajarsa mai suna libslirp, mu kuma ba mu saka ba. Daga azahar har magariba muna abu ɗaya, har yaron ya fara zargin modem ɗina.

Injiniyan namu in yana son tap, sai ya haɗa abinsa, ba wanda ya riƙe masa hannu. Nawa yaran dai a bar musu slirp ɗinsu su fara ganin shafi ya buɗe tukuna.

Naku,
Malamin kwamfuta, Samaru, Zariya