Godiya ga kamfanin da ya ƙera wa mesata akwati

Assalamu alaikum. Na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a, musamman ma'aikaciyarku da ta ɗauki wayata a ranar da hankalina ya tashi.

Ina kiwon ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Tun tana 'yar mitsitsiya na haɗa mata akwati da hannuna da katakon matse, wato wanda ake matse ɓarɓashin katako da gam a yi shi. Irin wannan mesa tana son laimar da ta kai kashi 60 cikin ɗari ko fiye, shi kuwa katakon matse ba ya shiri da ruwa. Kafin shekara ya kumbura, kusurwoyi suka yi funfuna, ƙofa ta daina rufuwa daidai. Na rage fesa ruwa don katakon ya huta, sai saɓa ta maƙale mata a ido da ƙarshen wutsiya. Wata rana da asuba na tarar akwatin wayam, ta ture ƙofa ta fice. Sai da na yini ina nema kafin na same ta a bayan firji, inda ɗumin inji ya jawo ta.

Na je wurare biyu kafin ku. Duka suka nuna mini akwatin gilashi mai murfin raga, wanda zafi da laima ke tserewa ta samansa. Ko wane irin maciji ne ba su tambaya ba.

Malamar nan kuwa da tambaya ta fara: shekarunta nawa, tsawonta nawa, yaya take saɓa. Ta ce mesar za ta iya kai mita 1.5, ta kuma haura shekara 20 a raye, don haka in nemi akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, mai buɗewa ta gaba, domin hannun da ya zo ta sama yana firgita maciji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce idan aljihuna bai kai ba in sake ƙera nawa, in shafe katakon da abin hana ruwa, in toshe kusurwoyi da silikon, in guji itacen sida (cedar a Turance) saboda mansa yana cutar da maciji. Da bakinta ta koya mini yadda zan yi ba tare da na sayi kayanku ba. Malama, Allah ya saka da alheri.

Akwatinku na PVC, wato roba mai tauri da ruwa ba ya kumbura ta, na saya, tare da na'urar daidaita zafi. Gefen akwatin da ake ɗumamawa yana tsayawa a digiri 31, kuma saɓar da ta yi kwanan nan ta fita gaba ɗaya har da na ido.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawan masu sayar wa sabon mai kiwo ƙaramin akwati, alhali sun san macijin zai fi ƙarfinsa nan da 'yan watanni. Wasu ma har tabarmar ɗumi suke haɗa wa mutum ba na'urar daidaitawa, ta ƙone cikin dabbar, su kuwa sun riga sun karɓi kuɗinsu.

Naku,
Mai kiwon mesa