Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kan Gwaninsa Jay-Z

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Ƙanwarka ta nuna mini hoton mawaƙin gambarar nan na Amurka, Jay-Z, da ka ɗora a WhatsApp, har ka rubuta cewa shi ne gwaninka. Raina bai ɓaci ba, kowane saurayi da nasa gwanin. Sai dai na nemi tarihin mutumin na karanta, don in zan yi maka magana in yi ta da sani.

Sunansa na yanka Shawn Carter, an haife shi a 1969 a Brooklyn, cikin birnin New York. A gidajen Marcy ya tashi, rukunin gidajen da gwamnati ta gina wa talakawa, mahaifinsa kuma ya tafi ya bar su tun yana yaro. Abin da ya burge ni da shi, lokacin da kamfanonin waƙa suka ƙi ɗaukarsa bai zauna yana kuka da mutane ba. Faifansa ya riƙa zubawa a bayan mota yana sayarwa da hannunsa, sannan shi da abokansa biyu suka kafa nasu kamfanin, Roc-A-Fella. Kundinsa na farko bai fito ba sai 1996, yana da shekara 26. Ya ce a farkon lamarinsa in baiti ya zo masa a kan titi, a jikin takardar ƙunshin kaya yake rubutawa, in babu takarda ya haddace, har ya kai ga daina rubutun gaba ɗaya. Wannan naci ne, ɗana, irin na almajirin da ke kwana da allonsa. Daga baya ya shiga sana'ar tufafi, ya sayar da Rocawear a 2007 kan dala miliyan 204, a 2019 kuma mujallar Forbes ta ce shi ne mawaƙin gambara na farko da dukiyarsa ta kai dala biliyan ɗaya. In nacinsa da dagewarsa kan mallakar guminsa ne suka ja ka, ina bayanka.

Amma kar ka karanta rabin tarihin ka rufe. Da bakinsa ya faɗa cewa ya sayar da hodar ibilis a unguwarsu, kuma ya harbi yayansa a kafaɗa yana ɗan shekara 12. A 1999 ya soki wani da wuƙa, ya kuma amsa laifinsa a kotu. Shi Allah Ya ja kwanansa, sa'o'insa fa? An harbe mawaƙi Tupac a 1996 yana da shekara 25, bayan wata shida aka harbe mawaƙi Biggie, aminin Jay-Z ɗan Brooklyn, yana da 24. Duka biyun sun mutu sun bar iyayensu mata da rai. Kai ma ka ga yadda kodin ya mayar da samarin layinmu kafin gwamnati ta hana shi a 2018, wasunsu tare kuka yi Islamiyya. Duk wanda ya sayar musu da kwalba ɗaya, ɗan wani ya kashe. Sannan kaso mai tsoka na dukiyar Jay-Z daga cinikin giya ya fito, ka kuwa san hukuncin wannan a addininmu, ba sai na maimaita maka ba.

Akwai abu guda da nake so ka tsaya a kai. Mutumin nan bai gama sakandare ba, amma a 2003 shi da mahaifiyarsa suka kafa gidauniyar da ke biya wa 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗin jami'a. Abin da gwaninka ke kashe kuɗinsa don wasu su samu, kai yana hannunka yanzu. Kar in ji ka ce za ka ajiye karatu saboda situdiyo.

Mahaifiyarka ta ce kana rubuta baitoci a wani littafi. Ka zo da shi in an yi hutu, mu zauna a zaure bayan Isha'i ka karanta mini. Sharaɗina kawai, kar in ji ashar ko cin mutuncin mata a ciki, ƙannenka mata za su ji shi wata rana.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare mini kai.

Mahaifinka