Mangwaron bayan ɗaki

Wusasa, Zariya
14 ga Yuli

Ɗan'uwana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya iyali, yaya zaman Ingila? Mu nan damina ta kankama, gindin Dutsen Kufena ya yi kore shar.

Ran nan a waya ka tambaye ni ko na koma sujada, na yi ta kwana-kwana. Ga amsar a takarda, sai dai ta bayan ɗaki za ta biyo, ka yi haƙuri.

Ka tuna mangwaron da marigayiya ta shuka daga ƙwallo shekarar da muka tare? Ɗan gargajiya ne, ga tsami ga zare, yara kaɗai ke shansa. Bayan rasuwarta na yi shekara biyu ban waiwaye shi ba. Kauci ya hau shi, gara ta cinye gefe guda. Ni ma a lokacin jefi-jefi nake zuwa majami'a, in zauna a bencin baya, ana waƙa bakina na motsi kawai. Littafi Mai Tsarki kuwa ƙura ta rufe shi a kan taga.

Makon Laraba ta Toka, farkon azuminmu, na kira wani dattijo mai lambu a bakin rafin Kubanni ya sare shi in huta. Ya zagaya shi, ya kankare ɓawon da wuƙa, ya nuna mini ɗanye a ciki. Ya ce, "Malam, saiwar nan lafiyarta ƙalau. Ba gatari yake so ba, aure yake so." Ya datse manyan rassan, ya bar dungu uku daidai ƙirjina, ya ce in zuba kashin shanu da ruwa, in jira. Duk azumin kwana 40 da wannan kututture na yi shi, abu ba kyan gani.

Bayan Ista toho ya feso. Da ya kai kaurin fensir, cikin watan Yuni, dattijon ya zo da ƙananan rassan mangwaro mai zaƙi, Binta Siga. Ya fiƙe gindin kowanne, ya tsaga tohon, ya cusa, ya ɗaure tam da leda. Ya ce dole ɓawo ya haɗu da ɓawo, don a ƙarƙashinsa ne naman itace ke haɗewa. Cikin tara, shida sun kama a mako uku.

Daren da aka yi auren na kakkaɓe Littafin, na buɗe Romawa sura 11, inda Bulus ke maganar zaitun. Ka san sau nawa muka karanta wurin nan tun muna makarantar Lahadi, amma sai da na ga aikin da idona na gane abin da ya yi. Masu lambu reshe mai kyau suke ɗorawa a kan gindin jeji. Bulus ya juya abin: reshen jeji ne aka ɗora a kan gindi mai kyau, kuma shi da kansa ya ce a aya ta 24 wannan ya saɓa wa yadda halitta take. Da wuya mai lambu ya yi wannan asarar. Na daɗe ina ɗaukan kaina kututturen da ya kamata ya yunƙura ya yi toho, ashe ni ne ɗan reshen da aka yanko, ba saiwa, ba ruwa. Aya ta 18 ta ce ba kai ke ɗauke da saiwa ba, ita ke ɗauke da kai. Kuma reshe ba ya shiga sai an tsaga gindin. A nan Jumma'a Mai Kyau, ranar da aka gicciye Almasihu, ta faɗo mini a rai, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Kada ka ɗauka na warke sarai. Akwai ranakun da har yanzu addu'a ke yi mini nauyi kamar buhun masara. Amma dattijon ya bar mini aiki: kullum in cire duk tohon da ya fito a ƙasan ɗaurin, in ba haka ba zai shanye ruwan, auren ya mutu. To da sassafe a tsaye nake yin addu'ata a wurin, gajeriya, hannuna duk ƙaro. Lahadi huɗu ke nan a jere ban fashi sujada ba, har na matso benci na uku.

Ya ce nan da shekara biyu ko uku za a sha 'ya'ya. Ka fara tara kuɗin jirgi, watan Afrilu za ka zo. Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka cikin Almasihu,
abokinka na Wusasa